Faifan Goggo Meram

Ƙarar da motata ta yi ranar nan, har yau in na tuna sai in ji haƙorana sun mutu. Talha makanike ya fito daga ƙarƙashinta yana share baƙin mai a gaban rigarsa, ya ɗaga mini hannu wai in taka sitata. Na yi bisimilla na taka. Maimakon injin ya amsa, sai wani gurzo ya tashi kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Awakin da ke kwance a gindin ɗorawar gareji suka watse, mai tallan nono ta dafe ƙwaryarta. Alhaji Maikuɗi, mai motar, ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya ce in sauko tun ban kashe masa dukiya ba.

Karo na biyu ke nan muna shan wannan kunya a gaban mutanen tashar Azare.

Abin da ya lalace filawil ne. Ga wanda bai san mota ba, wani faffaɗan ƙarfe ne zagayayye mai nauyin dutsen niƙa, yana ɗaure a bayan injin. Bakinsa duk haƙora ne, su sitata ke kamawa ta juya injin, a fuskarsa kuma kuloci ke zama. Namu ya tsage ne a hanyar Jama'are, da ƙyar na lallaɓo motar gida. Talha ya cire shi, tun ba a samo madadinsa ba ya ɗauka ya ba wani maƙerin Shira ya yi uwar maƙera da shi, don dai a ce masa mai kyauta. Ya tafi Kano ya sayo wani da ido, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ya dawo ya tono wani daga tarin ƙarafan da marigayi yayansa ya bari. Wannan ya ɗauru, amma ga abin da haƙoransa suka yi mana.

Ba laifin masu sayar da ƙarfe na Kano ba ne. Motar nan, wadda aka rubuta wa Sannu Ba Ta Hana Zuwa a goshi, haɗe-haɗe ce. Jikinta na wata mota ne, injinta na motar soja ne da aka yi gwanjonta bayan yaƙin duniya na Bama, don haka in ka je ka faɗi sunanta a ba ka kayanta, ka sayo wa kanka wahala. Mutum ɗaya ya san cikinta, Malam Ladan Fita, babban makaniken garejin, yayan Talha, shi kuwa wata huɗu ke nan da muka kai shi makwancinsa.

Ga shi bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya sauka kogi ya kawo, hanyar Kano ta rufe wa manyan motoci, buhunan gyaɗar Alhaji na ƙarshe su kwana a rumfa sai wata shekara. Alhaji ya ce kwana uku ya bayar. In ba ta tashi ba, zai kwashe motocinsa duka huɗu daga garejin. Talha ya bi shi har bakin titi yana rantsuwa, yana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na ce a raina, idon nan naka dai ya auna mana sau biyu.

Katangar garejin ita ce bangon ɗakin Goggo Meram, matar marigayi Ladan. Saura kwana tara ta fita takaba. Shekara ashirin da bakwai tana ɗakin nan, haihuwa huɗu ta yi, duka huɗun ƙasa ta rufe su tun suna goye. Talha kuwa ya riga ya auna ɗakin da taku, tsawo da faɗi, ya ce zai dace da sito. Ya aika wa danginta a Katagum su shirya mata wuri. Duk unguwa an sani, ba wanda ya ce uffan, har da ni Babayo Direba da na ci tuwon gidan nan fiye da yadda na ci na gidan ubana.

* * *

Da na koma gida cin abincin rana, matata Kande ta tare ni da saƙo. Ta je gaida Goggo Meram, ita ce ta ce a gaya mini in daina taka sitatar nan. Wai haƙoran ƙarfen da aka ɗaura sun yi ƙanana, sun kuma yi yawa, in na ƙara taka sau uku zan cinye ɗan giyar sitata, mu tashi da asara biyu.

Dariya na fara yi. Na ce yanzu har mata masu takaba sun shiga aikin kanikanci, to Allah ya kyauta wa Azare. Kande ba ta taya ni ba. Ta ce ita dai ta isar da saƙo, in na ga dama in haɗa da miya in shanye.

Ina tsakiyar cin tuwo wani abu ya faɗo mini a rai. Duk tafiyar da na yi da Malam Ladan zuwa Kano neman kayan mota, ban taɓa ganinsa babu faifai a cikin riga ba. Faifai sosai, irin wanda mata ke rufe ƙwarya da shi. Mun sha tsokanarsa a tasha, muna tambayarsa ko fura zai je sarowa. In mun isa wurin masu tsofaffin ƙarafa, sai ya tsuguna, ya ɗora faifan a kan ƙarfe, ya juya shi, ya matso da ido, ya tashi ya wuce na gaba. Wanda ya ɗaga ya ce a ɗaure masa, ba a taɓa mayar da shi ba. Mu a zatonmu wata laya ce irin ta masu sana'a, ba mu taɓa tambaya ba. Na ajiye lomar da ke hannuna na wanke hannu.

* * *

Na same ta ta bayan gida, inda zana ta raba tsakar gida da lungu. Mai takaba ba ta zaman hira da maza, don haka ina tsaye a waje, tana zaune a ciki, ba na ganin komai nata sai ƙafafu da gefen farin zane. Na yi mata gaisuwa da ya ƙarin haƙuri. Ta amsa a hankali, da ɗan karin harshen Barebari da bai bar bakinta ba duk daɗewarta a Azare.

Ban ɓoye mata ba, na ce faifan Malam na zo tambaya. Ta ce wanne daga ciki, ai goma sha ɗaya ne. Na ce na motata. Ta ce, ta Alhaji mai tari sau biyu kafin ta tashi, ko mai shaƙewa in ta hau tudun kasuwa? Na ce mai tarin. Sai mamaki ya kama ni, domin matar nan ba ta taɓa ganin motocin da idonta ba. A kan jaki aka kawo ta daga Katagum tana amarya, tun daga nan ba ta taɓa shiga mota ba. Ta cikin bango ta san su, kowace da muryarta.

Ta shiga ɗaki ta fito, ta miƙo mini faifai ta saman zana. Na sha ganinsa, amma ranar na fara dubansa. Ɗinki ne mai kyau, matsattse, ko ruwa ka zuba sai ya yi jinkirin wucewa. A bakinsa an jera ɗinkin baƙar kaba, ɗaya bayan ɗaya, duk na goma an yi shi da ja. A tsakiya ga ƙananan ramuka shida a kewaye da wani babba, ɗaya daga cikin shidan an zagaye shi da ja. A gefe kuma wani ɗan zare na lilo, da ƙulli biyu a jikinsa.

Ta yi mini bayani kamar mai koya wa amarya girki. Faɗin faifan shi ne faɗin ƙarfen. Kowane baƙin ɗinki haƙori ɗaya ne, jan kuwa don kada mai ƙirga ya ɓata. Na motata ɗari da goma sha biyu ne. Ramukan shida na noti ne, in an ɗora faifan a kan ƙarfen gaskiya sai ka hangi ƙasa ta cikin duka shidan. Tsakanin ƙulli da ƙulli kuma kaurin ƙarfen ne, inda kuloci ke zama.

Na tambaye ta ramin da aka zagaye da ja.

Ta ce, “Wannan shi ne mai gudun dangi. Biyar ɗin tazararsu ɗaya, shi kaɗai ya ɗan matsa gefe da kamar faɗin ƙwayar dawa. Masu ƙera abin ba mahaukata ba ne, don kada a ɗaura shi a karkace suka yi haka. Malam ya shekara yana zagin ramin nan kafin in gane masa.”

Na ce ashe ba Malam ba ne ya tsara fayafan. Ta ce Malam, Allah ya jiƙansa, hannunsa ya san ƙarfe, amma ba shi da haƙurin ƙirga. In ya kai arba'in wani ya yi masa sallama, sai ya koma farko yana faɗa. Ita yakan shigo wa da ƙarafan ta wanke da kananzir. Wata rana ta ɗebo wake, tana taɓa haƙori tana jefa ƙwaya ɗaya a ƙwarya, ta ba shi lissafi. Da ta ga wake ba ya tafiya Kano a aljihu ba tare da ya zube ba, sai ta ɗinka lissafin a faifai. Duk motar da aka sauke wa injin a garejin nan, kafin a mayar sai filawil ɗinta ya kwana a ɗakinta.

Shekara goma sha biyar ina jan mota, ina taƙama na san injin. Na tsaya a lungun nan da faifai a hannu, na ji kaina ya yi ƙarami. Wallahi ban taɓa ganin basira irin ta matar nan ba, ba a Kano ba, ba a Jos ba.

* * *

Na faki idon Talha lokacin da ya tafi sallar la'asar, na shiga tarin ƙarafa. Filawil bakwai na tono. Na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda na ga Malam yana yi. Uku sun fi faifan faɗi, biyu ba su kai ba. Ɗaya ya yi daidai har na fara murna, da na gwada zaren sai na ga ya fi ƙullin kauri. Na bakwai ramukansa huɗu ne kacal. Na leƙa ƙarƙashin mota na bi haƙoran wanda Talha ya ɗaura da alli, na samu ɗari da talatin da biyu. Ashirin cif ya ɗara, kamar yadda ta ji ta cikin bango.

Na koma gindin zana na ce babu shi a ciki, sai dai a sake komawa Kano, kwana ukun kuma ba za su isa ba.

Ta ce ta sani. Ta bar ni in duba ne don in yarda da faifan da idona. Sannan ta gaya mini abin da ba wanda ya sani. A tafiyarsa ta ƙarshe Kano, Malam ya riga ya ga ƙarfen motata ya fara zanen tsagewa saboda zafin kuloci, ya samo madadinsa. Ya shigo mata da shi ta ƙirga, ta ce masa ya yi daidai. A makon zazzaɓi ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba. Ƙarfen yana nan a ɗakinta, a kansa randarta take zaune. Ta aika wa Malam Ƙarami, haka take kiran Talha, sau biyu cewa akwai magana a kan motar Alhaji. Ya aiko mata cewa mai takaba carbi ne aikinta.

Nan take dabara ta zo mini, irin ta 'yan tasha. Na matso da bakina jikin zana na ce, “Goggo, Allah ne ya ba ki wuƙa da nama. Kada ki fito da ƙarfen nan sai Talha ya yi alkawari a gaban Alhaji da liman cewa ɗakinki naki ne har ƙarshen ranki. Ruwa ya kai masa wuya, ko me kika ce zai yarda.”

Ina jin ƙarar carbinta.

Ta ce, “Babayo, ina son ɗakin nan. Ban san kowa a Katagum ba yanzu sai kaburbura. Amma ƙarfen ba nawa ba ne, Malam ya saya wa motar Alhaji ne, amana ya bar mini. In na yi ciniki da shi, da wane ido zan dubi Malam gobe? Ku zo ku ɗauka. In Malam Ƙarami ya ga amfanina, ai ɗan'uwan Malam ne, nono ɗaya suka sha.”

Na so in yi mata gardama. Na san Talha, ita ma ta san shi fiye da ni. Amma akwai mutanen da in sun yi magana, kai da kanka kake jin kunyar dabararka.

* * *

Washegari da hantsi Kande da wata maƙwabciya suka sauke randar, suka garo ƙarfen har zaure, na ɗauka a kafaɗa. Ƙasansa ya yi tsatsa saboda danshi, amma haƙoransa ras. Na ajiye shi a tsakiyar gareji, na ɗora faifan a kai. Baki ya hau baki, baƙin ɗinki ya hau haƙori, na hangi ƙasa ta cikin ramuka shida.

Talha ya tambaye ni inda na samo. Na gaya masa gaskiya. Ya dubi ƙarfen, ya dubi faifan, ya ɗauki sifana.

Mun sauke giyabos, mun cire na banzan, mun ɗaga sabon. Noti biyar suka shiga, na shida ya ƙi. Talha ya fara gumi, ya ce a miƙo masa guduma. Na ce ya dakata. Na kwance biyar ɗin, na dubi jan ramin faifai, na juya ƙarfen rami biyu zuwa dama. Na shidan ya shige da yatsa, ko sifana bai nema ba sai wajen ɗaurewa.

Kafin la'asar mun haɗa komai. Alhaji Maikuɗi ya iso, 'yan tasha suka taru, wasu don addu'a, wasu don su samu abin dariya na uku. Na hau, na yi bisimilla, na taka. Ta yi tarinta sau biyu, ta kama. Injin ya zauna lafiya lau, ba gurzo, ba karkarwa, sitiyari a hannuna kamar ruwa a randa. Mutane suka ɗauki kabbara. Ni kuwa bangon nan nake kallo, na san akwai kunne a bayansa.

Alhaji ya kama hannun Talha yana girgizawa, ya ce ashe gidan Ladan bai mutu ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya tambaye shi yadda aka yi ya gano ƙarfen.

Talha ya gyara hula. Ya ce tun farko ya san yayansa ya sayi ƙarfen, nema yake ta yi, ashe matar marigayi ce ta ɓoye shi a ƙarƙashin randa. Kayan gado, wata huɗu tana zaune a kai, tana ji ana wahala. Ya ce Allah kaɗai ya san abin da ta ƙara ɓoyewa, shi ya sa tun farko ya ga zamanta a gidan ba alheri ba ne. Mutane suka fara salati, wani ya ce mata ke nan.

Alhaji ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Babayo, haka aka yi?”

Faifan yana cikin rigata, ina jin kabarsa tana sosa mini ciki. Na tuna Talha surukin Alhaji ne, 'yarsa ke ɗakin babban ɗan Alhaji. Na tuna direbobi uku da ke zaune a benci suna jiran a kori wani. Na tuna bakuna shida da ke gidana. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Na ce, “A ɗakinta dai aka samo shi, Alhaji.”

Ban yi ƙarya ba, kowace kalma gaskiya ce, kuma ban taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ni kuma na riƙe wa gardi sanda.

Da yamma Talha ya aika matarsa ta kwaso fayafan nan goma daga ɗakin Goggo, ya karɓe na rigata, ya ce kayan gareji ne, suna cikin gado. Jiya kayan mata ne da ba su isa a saurara ba, yau sun zama gado. Ya rataye su a ƙusa a cikin rumfa. Bai tambayi yadda ake karanta su ba, domin tambayar za ta kai shi gindin zana.

* * *

Na kai gyaɗa Kano sau biyu kafin ruwan farko. Ranar da na dawo ta biyu ita ce ranar da Goggo Meram ta fita takaba. Alhaji yana da gishiri da kananzir da za a kai kasuwar Katagum, Talha ya roƙe shi a rage wa tsohuwa hanya. Alhaji ya ce ai wannan aikin lada ne.

Kayanta ba su cika kusurwar mota ba. Akwati ɗaya na katako, tabarma, ƙullin tufafi, tukwane biyu. Randar ta ce a bar wa Kande, ba za ta jure hanya ba. Matan unguwa suka rako ta zaure suna share hawaye, kowace tana cewa sai haƙuri, ba wadda ta ce kada ta tafi. Ranar na fara ganin fuskarta sosai. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, da tsagar Barebari, yatsunta duk sun yi kanta saboda basilla.

Na ce ba za ta hau baya a kan buhuna ba, na buɗe mata gaba. Da muka zo wucewa ta ƙofar gareji, Talha na zaune a kan benci yana shan fura, ɗaya daga cikin fayafan a hannunsa yana korar ƙuda. Na gane shi, na motar mai shaƙewa ne. Ta gani. Ta kawar da kai ta gyara mayafi.

Na yi zaton za ta ji tsoro, mutumin da bai taɓa shiga mota ba. Ina! Ta dafa ƙarfen gabanta da tafin hannu, ta karkata kai tana saurare. Duk sanda na canza giya sai ta dubi ƙafata, ta dubi hannuna. Da muka shiga yashi ta tambaye ni ko yanzu ne kuloci ke ɗaukar zafi. Na ce yanzu ne. Ta ce to in riƙa ɗaga ƙafata gaba ɗaya, in daina jingina ta a kai, abin da ya tsaga na farkon ke nan, Malam ya sha faɗa. Shekara goma sha biyar ba wanda ya isa ya gyara mini tuƙi. Na ɗaga ƙafata.

Mun yi nisa kafin in iya buɗe baki. Na ce mata Alhaji ya tambaye ni, ban faɗi abin da ya kamata ba. Ta ce ta ji, ai bangon ba shi da kauri. Na ce ta yafe mini. Ta ce kana da 'ya'ya, Babayo. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni kuwa da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mun isa Katagum rana ta karkata. Gidan ɗan yayanta ne, a ƙarshen gari wajen kogi, katangarsa ta zube ta gefe ɗaya. Maigidan ba ya nan. Matarsa ta leƙo, ta dubi tsohuwar, ta dubi akwatin, ta ce ai ba su zaci yau ba ne, ɗakin da aka ce za a gyara har yanzu awaki ne a ciki. Ta koma ciki wai za ta nemo tsintsiya. Na kashe mota na sauke kayan a gindin katanga. Muka jira, ba ta fito ba.

Na ce zan tsaya har maigidan ya dawo. Goggo ta ce in tafi, hadari na haɗuwa, kada ruwa ya tare ni da kayan mutane. Na hau, na kai ƙafa kan sitata, sai ta matso jikin ƙofa.

Ta ce, “Kullum ta bayan bango nake jin ta. Tayar a hankali in ji da kyau.”

Na taka. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama. Ta runtse ido, leɓunanta suna motsi kamar mai ƙirga. Ta ce in kashe in sake. Na kashe, na sake takawa. Ta gyaɗa kai.

Ta ce, “Sun shiga daidai. Allah ya kiyaye hanya.”

Na ja mota. A madubi ina hango ta tsaye kusa da akwatinta, ba ta dubi ƙofar gidan ba, ta karkata kunne ɗaya wajen hanya. Haka take tsaye har na sha kwanar kasuwa.